Kafin ka sake zama GMAT

Ɗan'uwa, ka ce makinka na GMAT, jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, bai kai ba, kana so ka koma da zarar kwana 16 na jira sun cika. Ni dai ban goyi bayan wannan gaggawar ba. Fara duba rahoton makinka ka ga wane sashe ne ya ja ka ƙasa. Sau da yawa ba rashin sani ba ne, lokaci ne ke cin mutum: tambaya 21 a minti 45 a sashen lissafi, kuma babu kalkuleta. Ka riƙa gwaji da agogo a gabanka, kana rubuta dalilin kowane kuskure. Sau 5 kawai aka yarda a zauna cikin wata 12, ka ba kanka wata biyu tukuna.