Amsa: Wa ya ƙirƙiro kalkulas, kuma me yake yi mana?

Malam, ka tambaya ko Newton ne kaɗai ya ƙirƙiro kalkulas, wato reshen lissafi mai auna yadda abubuwa ke canzawa, kuma mene ne amfaninsa. A'a, su biyu ne, kowa ya gano nasa. Newton ya fara ne a 1665 zuwa 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma ƙauyensu, amma ya daɗe bai buga ba. Leibniz na Jamus ya riga shi bugawa a 1684. Nan fa rigima ta ɓarke kan wa ya saci aikin wa. Ni dai a ganina Leibniz ya fi kyauta wa ɗalibai, don alamominsa, wato dy/dx da ∫, su ake rubutawa har yau. Kafin su ma, Ibnul Haisam ya taɓa wani ɓangare na wannan lissafi a Masar, haka Madhava a Indiya.

Batun amfani kuwa, ka saki dutse daga saman bene. A daƙiƙar farko zai faɗi kusan mita 5, bayan daƙiƙa biyu kusan mita 20, domin gudunsa ƙaruwa yake yi. To, nawa ne gudunsa a daidai wani ƙiftawar ido? Lissafin raba nisa da lokaci, matsakaicin gudu kawai yake bayarwa. Kalkulas ne ke fito da amsar. Da irin wannan lissafi Le Verrier, masanin taurari na Faransa, ya nuna inda duniyar Neptune take, aka juya madubin hangen nesa can a 1846, sai ga ta.