Motar batir ko ta haidurojin: in saya ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kullum ina kai-da-kawo tsakanin gida da Kantin Kwari, wani lokaci nakan leƙa Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ke cinye mini riba. Na yi niyyar sayen mota mai batir, sai ɗana ya ce in dakata, wai ta haidurojin ce motar gobe: minti biyar an cika ta, kuma ruwa kawai take fitarwa a salansa. Shin in jira?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, amma kada ka jira.

Dukansu biyu da lantarki suke tafiya. Bambancin shi ne ta batir ana ɗura mata wutar ne daga waje ta adana, ita kuwa ta haidurojin tana ɗauke da iskar a tanki, tana haɗa ta da iskar da muke shaƙa, ta samar wa kanta wuta tana cikin tafiya. Abin da ke saura ruwa ne, shi ne yake ɗiga a baya. Fasaha ce mai ban sha'awa, ni ma ta burge ni. Sai dai kafin haidurojin ya shiga tankin nan, sai an samar da shi, an matse shi, an yi dakonsa, kuma a kowane mataki ana asarar ƙarfi. In aka fara da wuta kashi 100, motar batir tana kai kamar kashi 70 zuwa 80 ga taya, ta haidurojin kuwa kusan kashi 30 ne. A ƙasar da wuta ba ta ishi gidaje ba, wannan asarar ba ƙarama ba ce. Ga shi kuma yawancin haidurojin da ake sayarwa yau daga iskar gas da kwal ake ciro shi, hayaƙin yana can a masana'anta.

Duba inda aka gwada. Toyota ta fito da motarta ta haidurojin, Mirai, tun 2014, Hyundai ta biyo da Nexo a 2018, amma har yau ba su bazu ba. Honda ta daina ƙera tata, Clarity, a 2021. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi zuba kuɗi a kan harkar a ƙasar, kamfanin Shell ya rufe gidajensa na sayar wa ƙananan motoci haidurojin a 2024. A 2024 ɗin ce kuma kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a Norway suka kasance masu batir. Ko da a kyauta aka ba ka Mirai, Alhaji, ba inda za ka cika ta daga Kano har Kaduna, kuma ba bakaniken da zai taɓa tankinta a Ƙofar Ruwa.

To amma kada ka ruga ka biya kuɗin mai batir sai ka amsa tambaya ɗaya: a ina za ta kwana tana caji? Mota matsakaiciya tana shan unit 15 zuwa 20 a kilomita 100. Ko a farashin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, da ya haura naira 200 kowane unit a 2024, kuɗin bai kai na fetur ba. In kana layin da wuta ke daɗewa, ko kana da sola mai ƙarfi, zirga-zirgar cikin gari ta zo maka da sauƙi, ba juyen mai, ba canjin fulogi. In kuwa da janareta za ka riƙa caji, an gudu ba a tsira ba. Gara ka mayar da motarka ta yanzu zuwa gas. Zuwa Kaduna ya haura kilomita 200, don haka ka san inda za ka yi caji a can kafin ka tashi, domin na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu tana rage nisan da batir zai kai ka.

Kuma ina roƙonka, in 'yar Kwatano za ka saya, kada kyan fenti ya ɗauke maka hankali. Batirin shi ne motar. Ka sa a jona kwamfuta a nuna maka lafiyarsa a gabanka. Sababbi galibi suna zuwa da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir; ka tambayi dillalin wa zai cika wannan alkawarin a Najeriya, ya rubuta maka.

Tambaya: Malam, ni direban tirela ne, Legas zuwa Kano. Mu fa?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ne haidurojin ke da abin faɗa, don batirin da zai ja tan 30 tsawon kilomita 1,000 yana da nauyi, kuma tsayawa caji na cin lokaci. Shi ya sa kamfanoni irin su Hyundai ke gwada manyan motocinsa a Turai. Amma hanyarka ba ta da gidan cika shi ko ɗaya. In maigidanka na neman rage kuɗin dizal a bana, ku fara duba tirelar gas, ku kuma tabbatar da inda za ku sha a hanya kafin a saya.