Ku Tambayi Likita: Zaburar Jariri da Ake Ɗauka Ciwon Ciki

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana wata biyar gare shi. In ya farka daga barci sai ya riƙa zabura, kai ya sunkuyo, hannuwa su watsu, ya jera kamar sau goma, sannan ya fashe da kuka. An ce mini ciwon ciki ne, amma kwanan nan ko murmushi ya daina yi mini. Daga wata uwa.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi wurin likitan yara yau, kada ki bari ya kwana. Abin da kika faɗa ya yi kama da farfaɗiyar jarirai da ake kira ciwon West, sunan likitan Ingila William West, wanda ya bayyana ta a 1841 bayan ya gan ta a jikin ɗansa. Takan fara tsakanin wata 3 zuwa 12. Kowace zabura daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, shi ya sa ake raina ta. Abin da ke tona asirinta shi ne zuwanta a jere, da faruwarta bayan farkawa, da kuma komawar yaro baya. Daina murmushin nan ya fi komai ɗaga mana hankali.

Ki ɗauki bidiyo da waya inda akwai haske, ki yaye mayafi a ga jikinsa duka, don da wuya ya yi a gaban likita. Za a yi masa gwajin EEG, wanda ke zana aikin ƙwaƙwalwa, kuma lallai a haɗa da lokacin barci, domin gajeren gwaji yana farke kan iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Sai hoton ƙwaƙwalwa na MRI, da duba fata da wata fitila ta musamman, fitilar Wood, ko akwai fararen tabo na tuberous sclerosis, wani ciwon ƙwayoyin gado da kan haddasa wannan farfaɗiya. In ba a gano dalili ba, sai gwajin ƙwayoyin gado.

Maganin da ke aiki uku ne: prednisolone mai yawa, allurar ACTH, ko vigabatrin, wanda aka fi zaɓa in tuberous sclerosis ce, ko da yake yana iya rage ganin gefen ido. Carbamazepine kuwa na iya ƙara ta'azzara ciwon. Bayan mako biyu a maimaita EEG. Raguwar zabura ba ta wadatar ba, sai ta tsaya cak. Yaron da ke shan prednisolone ana auna masa hawan jini da suga, zazzaɓi ko kaɗan ne a koma asibiti, kuma ba a yanke maganin farat ɗaya, a hankali ake rage shi.

Tambaya: Ni sabon likita ne, ina sha'awar wannan fanni na ƙwaƙwalwar yara. Ta ina zan fara?

Amsa: Madalla, ɗan'uwa. Sai ka ƙware a fannin yara tukuna. A Amurka shekara 5 ce bayan makarantar likitanci: 2 a fannin yara, 3 a na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, inda za ka koyi karanta EEG da MRI da fassara gwajin gado. Kafin nan ka nemi kwas ɗin PET, wato horo kan farfaɗiyar yara, na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Birtaniya, wanda aka fara a 2005. Matakin farko kwana ɗaya ne kacal.

Amma tun yanzu ka saba da auna zagayen kan kowane jariri kana sawa a jadawali, ka kuma tambayi uwa abin da yaro ya iya a da ya daina. Yaro namiji da ya makara wajen tafiya, sha-raɓarsa ta yi ƙato, yake dafa cinyoyinsa in zai miƙe, ka tura jininsa gwajin CK, sinadarin da ke nuna lalacewar tsoka, kafin komai. Waɗannan alamu ne na ciwon tsoka da ake kira Duchenne, inda CK yakan ninka na lafiyayye sau goma, har fiye da haka nesa.