Yadda ake nuna rubutacce da zaɓi a idon kyamara

Ka tambaye ni, ɗana: fim ɗin da kake son haɗawa, jaruminsa yana rayuwa cikin duniyar da kwamfuta ta ƙera, to yaya mai kallo zai gane ko shi ke zaɓar abin da yake yi ko an riga an rubuta masa? Ka ce za ka sa wani dattijo ya yi masa bayani na minti 5. Cire bayanin nan. Gani ya kori ji.

Rubutaccen abu, maimaituwa ke nuna shi. A fim ɗin The Matrix na 1999, baƙar kyanwa ce ta gifta sau biyu iri ɗaya, nan take aka san an taɓa na'urar da ke sarrafa duniyar fim ɗin. Kai ka nemi naka a nan Damagaram. Ɗauki teburin mai shayi a Zango: ɗan kabu-kabu ya wuce, yarinya mai tallar goro ta yi tuntuɓe, farantinta ya kife. Safiya uku, abu ɗaya. Ranar farko jarumi bai ko ɗaga kai ba. Ta biyu ya tsaya da kofi a bakinsa yana kallo. Ta uku ya miƙa hannu ya tare farantin. Zaɓin ke nan, kuma sai ka sa ya jawo masa asara, ya rasa motar Yamai ko wata da yake so ta manta da shi, don zaɓin da bai ci wa mutum komai ba mai kallo ba ya jin nauyinsa.

Inda aikin ke lalacewa shi ne ka sa 'yan wasa su maimaita motsin sau uku. Ɗan Adam ba ya taka sawu ɗaya sau biyu, goron ma ba zai watse wuri ɗaya ba. Sau ɗaya za ka ɗauki ɗan kabu-kabu da yarinyar, wannan guntun shi za ka yi ta dawo da shi. Jarumi kaɗai ake ɗauka sau uku, a gefensa na hoton, sai a wajen tacewa ka raba hoton biyu ka haɗe. A rana ta uku ne kawai za ka yanka zuwa hoto na kusa, hannu da faranti.

Don haɗin ya ɓace, kafa kyamara kan ƙafa uku, rataya mata jakar yashi, kada kowa ya taɓa ta, ko batir ba a canzawa sai an gama. Kashe otomatik na haske, na launi da na saitin ido (wanda ke fito da hoto sarai) duka. In ka bar su, farar rigar jarumi tana motsawa gefensa zai yi duhu, layin haɗin ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar bango. Sa layin a kan wani abu tsayayye, ginshiƙin rumfa ko bakin ƙofa, ka ja shi da alli a ƙasa. Jarumi ba zai ƙetare shi ba, inuwarsa ma haka, kuma inuwar ce aka fi mantawa.

Rana tana tafiya digiri 15 kowace awa, saboda haka gama ɗaukar duka cikin minti 20, ko ka koma ƙarƙashin rumfa. Lokacin hazo ya fi sauƙi, inuwa ba ta da kaifi, garin kuma yana yin fari-fari kamar ba na gaske ba, abin da kake nema ke nan.

Ɗauki hoto 25 a sakan, saurin ido 1/50, wato idon kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 50 na sakan ga kowane hoto. Wutar lantarkinmu tana bugawa 50 a sakan, wayar hannu kuwa yawanci hoto 30 take ɗauka, shi ya sa ƙwan fitilar mai shayi ke kyarma a hoto.

Sauti ma haka: carar zakara ɗaya, ƙarar babur ɗaya, cokali yana kaɗa kofi, a kan sakan ɗaya kowace safiya. Da hannu ya taɓa faranti, ɗauke sautin duka na sakan 2, hoto 50 ke nan.

Abu ɗaya nake so ka kiyaye ƙwarai. Mutanenmu da sun ji "an rubuta", ƙaddara ke zuwa ransu, kuma wannan fagen malamai ne. Nuna tun farko cewa mai rubutun nan mutum ne ɗan'uwanmu, zaune gaban kwamfuta, yana kuskure, yana hamma. In kana son shakka ta zauna wa mai kallo, gifta allonsa na sakan 3 a farkon fim, da layi ɗaya mai cewa "rana ta uku, ya tare faranti". Kada ka ɗauki allon da kyamara, yana fitar da zane-zane. Bar shi a kashe, ka ɗora rubutun a wajen tacewa.