Kano zuwa Maiduguri: A Hau Jirgi ko a Bi Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Zan raka mahaifiyata biki Maiduguri daga Kano, kuma tana fama da ciwon baya. Na duba intanet na ga tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a jirgi, amma tikitin da aka nuna mini ya ce za mu tashi da safe, sai la'asar mu sauka. Cuta ce, ko kuwa? In saya, ko mu bi mota?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ba wanda ya cuce ka. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri kusan kilomita 500 ne idan aka miƙe ɗoɗar, kuma babban jirgi mai gudun kilomita 800 a awa zai cinye su cikin abin da bai wuce awa guda ba. Matsalar ita ce samun wanda zai miƙe ɗin. Yawancin jiragen cikin gida daga Legas da Abuja suke tsara zirga-zirgarsu, don can fasinja yake, shi ya sa tikitinka ya bi ta Abuja. Kano zuwa Abuja kilomita 360 da ɗoriya, Abuja zuwa Maiduguri sama da 700. Ka ga tafiyar ta ninka tun kafin a yi maganar zaman jira.

Zaman jiran nan shi ne ainihin abin dubawa. Ku isa filin jirgi awa biyu kafin tashi, a auna kaya, a caje ku, ku sauka Abuja ku zauna kan kujerar ƙarfe awa uku ko huɗu kuna kasa kunne ga sanarwa. Idan bikin ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ƙara da hazo: in matuƙi ba ya hango titin sauka, jirgi ba ya tashi, ko gwamna ne a ciki.

Duk da haka, ni dai jirgin zan ce ka saya mata. Hanyar mota ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu ta doshi kilomita 600, yini guda ke nan tsohuwa na naɗe a kujera ana jijjiga ta. A filin jirgi kuwa za ta miƙe ƙafa, ta yi alwala, ta yi sallarta a natse. Ga kuma batun tsaro tsakanin Damaturu da Maiduguri, inda ba a son yamma ta riski matafiyi. Waɗanda aka kai wa hari a Auno, wani gari da ke kan wannan hanya kusa da Maiduguri, a Fabrairun 2020 dare ne ya yi musu a hanya bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri.

Amma kada arha ta ja ka ka yanki tikiti biyu daga kamfanoni daban-daban. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinka sun tafi. Ka nemi kamfani ɗaya, tashin safe, ana saura kwana biyu biki. Tun wajen yankan tikiti ka ce a tanadar wa Hajiya keken guragu, magungunanta kuma su kasance a jakar hannu, ba cikin akwatin lefe ba.