Motata tana harbi tana shaƙewa in na ɗora kaya, sai an sauke inji?

Tambaya:

Assalamu alaikum Oga. Ina da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, da ita nake kai riɗi da gero kasuwar Maigatari duk Alhamis. Tun bayan kaka ta ɗauko wani hali. In babu kaya lafiya lau take, amma da na ɗora buhuna na taka totur sai ta riƙa fizga tana shaƙewa, can kuma ta yi harbi, tau! daga cikin bonet. In na ɗan jawo cok takan sassauta. Na sauya fulogi huɗun duka, ba ta daina ba. Bakanikenmu ya ce sai an sauke inji. Me kake gani?

Wani direba daga yankin Gagarawa, Jigawa

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Maganar cok da ka kawo ta riga ta nuna inda za a fara nema.

Harbin mota iri biyu ne. Na salansa, fetur ne da bai ƙone a silinda ba ya tsere zuwa bututu mai zafi ya kama a can, kuma an fi jin sa in an ɗaga ƙafa a gangara. Naka na gaba ne, ta bakin kafireto, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji. Shi kuwa yakan faru idan iska ta rinjayi mai. Irin wannan haɗi a hankali yake ci, har bawul ɗin shigar mai ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta bi hanya ta koma baya. Aikin cok rage iska ne. Tunda motar tana samun sauƙi in ka jawo shi, yunwar mai take yi. Kamar ɗan dako ne da bai karya ba: yana zaune ba ka gane komai, sai ya saɓi buhu ka ga gwiwa tana rawa.

Saboda haka ka fara daga tanki. Motocinmu na ƙauye man jarka suke sha, ga ƙurar hunturu, ga tsatsar tankin da ya shekara aru-aru. Ka tsiyayi mai kaɗan a farar kwalba ka ajiye ta ta natsu. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, man yana sama, wani lokaci da jan gari-gari na tsatsa. In ka ga haka a sauke tankin a wanke, a sa sabuwar filta. Nan gaba kuma in ta shaƙe, tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska, fuuu, to kafar numfashinsa ce ta toshe, fanfo yana ja mai ba ya biyowa.

Daga nan sai fanfon mai. A cire wayar da ke kai wuta kwayil, a zare tiyon da ke shiga kafireto a sa bakinsa a kwalba, a murza makulli. Fanfo mai lafiya tsartuwa yake da ƙarfi, wanda ya gaji ɗiga yake. Ka shinshini baƙin mai ma, don in robar cikin fanfon ta yage fetur kan zurara cikinsa.

Sai kafireto kansa. Da inji a kashe, a cire tukunyar iska, ka leƙa ciki wani ya ja totur. Ya kamata ka ga siririn mai ya feso. In bai feso ba, ga dalilin shaƙewarka. A kwance a wanke, a hure jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, da iska. Don Allah kada a bari yaron gareji ya zura masa allura ko waya, faɗaɗa ramin yake, daga baya motar ta koma zuƙar mai. A duba gasket ɗin ƙarƙashin kafireto da tiyon da ke zuwa tukunyar birki, nan iskar sata ta fi shiga. Ana yayyafa ruwa a wurin inji yana silo, in muryarsa ta sauya akwai kafa. Ruwa na ce, ba fetur ba.

Tsofaffin fulogin da ka cire, ina fata ba ka yar ba. Baki fari tas shaidar ƙarancin mai ce, baƙin toka yawan mai, jiƙe da baƙin mai kuwa maganar ringi ce.

In ɓangaren mai ya fita lafiya, a koma wuta. A buɗe dilko, wato mai raba wa fulogi wuta, a duba kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikinsa, tazararsa milimita 0.4 ce. In fuskarsa ta ci ta yi rami, a sauya shi tare da kwandansa, 'yar na'urar da ke rage masa tartsatsi, amma ka adana tsohuwar kwandansar, don ba kowace sabuwa ce ta ƙwarai ba ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka saya. A duba murfin dilko ko ya tsage. Da dare ka ɗaga bonet inji yana aiki, wayar da ta mutu za ka ga tartsatsi yana tsalle a jikinta. Jerin wutar 504 shi ne 1-3-4-2, kuma silinda lamba ɗaya a Peugeot ta wajen kuloci take, abin da ke rikita wanda ya saba da motar Japan. Sannan a saita tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta.

Bawul ne na ƙarshe. A auna tazararsu da sanyin inji, sannan a sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Sai an ga guda ta gaza sauran sosai za a ce bawul ya ƙone, kuma ko a nan saman injin kawai ake cirewa. Ka sa bakanikenku ya nuna maka wannan awon kafin ya taɓa ƙusa ɗaya.

Kada ka lallaɓa ta da cok zuwa Maigatari wannan makon. Injin da ke jan kaya da ƙarancin mai zafi yake ɗauka, shi ke ƙone bawul. Kada kuma ka hau titi babu tukunyar iska a kan kafireto, domin harbin nan harshen wuta ne, ga tiyon fetur kusa da shi, ga buhunan riɗi a bayanka.