A Wane Mataki Jarumi Ke Zaɓar Reshensa?

Tambaya: Muna buga Dungeons & Dragons a tebur (wasan da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari), sai gardama ta kaure kan matakin da jarumi ke zaɓar reshen ƙwarewarsa (subclass, wato ƙaramin fanni a cikin ajinsa). Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, ka fara duba bugun dokokin da ke hannunku. A na 2014, cikin azuzuwa (wato nau'o'in jarumai), Cleric da Sorcerer da Warlock suna zaɓa tun mataki na 1, Druid da Wizard a na 2, sauran sai na 3. Bugun 2024 ya mayar da kowa mataki na 3, wato bayan an tara makin gogewa (XP) 900. Wannan ya fi wa sabon shiga sauƙi, ko da yake Warlock yana samun ikonsa ne daga alkawari da wani ubangida, kuma ubangidan ne reshensa, don haka a ce bai san wanda ya ƙulla alkawari da shi ba sai mataki na 3 abu ne mai wuyar haɗiyewa. Jagoran wasa ya bari a ambaci ubangidan a labari tun farko, ikon ya biyo baya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne haɗa aji biyu a jarumi ɗaya. Matakin kowane aji ake ƙirgawa, ba jimilla ba: mai Fighter 2 da Rogue 2 yana mataki na 4, amma ba shi da reshe ko ɗaya.